Akwatin da Kowa Ya Yafe

Sai a shekarata ta biyar a Greensboro na yarda na riƙe katin banki, irin wanda ake sayayya da shi a biya ƙarshen wata. Kafin nan ko kallon sa ba na yi. Daga Malumfashi na zo karatun kimiyyar rini a farkon shekarun casa'in, da ra'ayina cewa abin da ba ya cikin aljihuna ba nawa ba ne. Wanda ya sauya min ra'ayi wani ɗan ƙasarmu ne a New York mai kiran kansa ejan na tikitin jirgi. In ka ji muryarsa a waya sai ka rantse limami ne. Na aika masa kuɗin tikiti ta gidan waya don in je bikin ƙanwata, ya aiko min da takarda mai hatimi har biyu. Ranar tafiya na isa filin jirgi da babbar riga da tsaraba, matar da ke teburin karɓar tikiti ta duba, ta sake dubawa, ta ce babu sunana a ko'ina. Na kira lambarsa, an yanke ta. Haka na kwaso akwatuna na dawo ɗaki, aka yi bikin ba ni. Allah ya isa na ce a ranar, kuma har yau ban janye ba.

Da na gama karatu na sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masaƙa, sai banki suka fara aiko min da wasiƙu kamar suna neman aurena. Wata rana suka aiko da kati mai ruwan zinare. Na kai shi kantin Alhaji Isuhu da ke High Point Road, wanda nan ne majalisarmu. Alhaji Isuhu mutumin Maraɗi ne, yana sayar da gero da man ja da busasshen kifi da katin waya, kuma duk Bahaushen da ya sauka a garin, a kan bencinsa yake fara shan shayi. Ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Bon, Sabi'u ya zama patron, babban maigida! Daga yau kai za ka riƙa sayen sukari." Aka yi ta min tsiya. Na tambayi malaminmu na masallaci, ya ce in dai ina biya kan lokaci ba a ɗora min ruwa ba, in kiyaye kawai. Tare da katin akwai wani ɗan littafi mai ƙananan rubutu da sai ka runtse ido. Ban karanta ko layi ɗaya ba, na jefa shi durowar kicin inda nake tara ledoji.

Da wannan katin na sayi tikitin zuwa gida a hutun Disamba, kai tsaye daga kamfanin jirgi, ba ejan ba ɗan'uwan ejan.

Pleasant Garden

Ana saura mako guda in tafi, Dakta Mansur ya kira ni ya ce mahaifiyarsa na son gani na. Likitan yara ne, mutumin Ƙanƙara, yana zaune a Pleasant Garden, kudu da gari, inda gida yake tsakiyar fili kamar gona, maƙwabcinka sai ka shiga mota za ka gaishe shi. Shekara guda ke nan da ya ɗauko Hajiya Kuluwa bayan rasuwar mahaifinsa. Duk muna kiran ta Mama. Tsohuwa ce ƴar siririya mai kaifin baki, in ta yi maka tuwo ka ci ka bar saura, sai ka yi bayani.

Ta jira har matar Likita ta shiga kicin, sannan ta jawo kujera kusa da ni.

"Ɗan nan, aike zan yi maka, amma tsakanina da kai. Ko Likita kada ya ji." Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne.

"To, Mama."

"Ka je Ƙanƙara wajen ƙanwata Ladi. Ka ce ta buɗe adakata ta ƙarƙashin gado. A can ƙasa akwai ƙulli cikin koren zane. Likkafanina ne."

Na yi tsuru-tsuru. Ta ce, "Kai, rufe bakin, ba yau zan mutu ba. Shekarar da muka sauke farali da Malam, shi ya saya mana biyu. Da hannunsa ya tsoma su a zamzam, muka shanya su a rana muna gadi kada iska ta ɗauke. An sa masa nasa. Nawa na can. Da zan taho na ce sati nawa ne, ashe zama aka kawo ni. Yaran nan suna so in zauna, ni ma ina son jikokina, ko da yake in na yi musu Hausa Turanci suke mayar min. Amma ba zan yarda a naɗe ni da yadin kantin nan ba. In ka kawo min, na zauna da su. In babu, sanyi na wucewa zan koma ɗakina."

"Me ya sa ba za ki gaya wa Likita ba, Mama?"

"Wannan? Daga na ce kaina na ciwo sai ya ɗauko abin awo. In ya ji likkafani ai asibiti zai kwantar da ni."

Na yi dariya, na ce ta ɗauka ya iso.

Malumfashi

Duk wanda ya taɓa zuwa gida daga waje ya san ba kai kaɗai kake tafiya ba. Mutanen majalisa kowa ya buga wa danginsa waya cewa Sabi'u na nan. Ina zaune a zauren gidanmu sai ga baƙi daga Maraɗi, daga Zariya, daga Kano, har wani daga Kumasi ya aiko ta hannun direban goro. Kowa da ƙullinsa, an ɗinke cikin ƙyalle, an rubuta suna da biro. Abu biyu kawai nake tambaya: babu nama, babu magani? Su ce babu. Shi ke nan. Wa zai farke saƙon wani ya leƙa? Ai sai a ce ba ka da tarbiyya. Ƙulli goma sha uku na tara, na ware musu akwati guda, ruwan ƙasa, na kasuwa, irin wanda kowa ke da shi.

Na je Ƙanƙara da kaina. Inna Ladi ta buɗe adakar, ta ɗauko ƙullin, ta riƙe shi a ƙirji. Can ta ce, "Ashe Yaya ba za ta dawo ba ke nan." Ta share ido, ta cika min leda da gyaɗa.

A nan na yi wautar da har yau nake jin haushin kaina. Ƙullin bai fi filo girma ba, da na sa shi a jakar hannu. Amma jakar hannun na cika ta da littattafai da gyaɗar Inna Ladi, na ce ai akwati ya fi tsaro, na sa shi a tsakiyar saƙonni na danne.

New York

Daga Kano zuwa Amsterdam lafiya lau, daga can zuwa New York ma haka. Na karɓi akwatunana biyu, na wuce kwastan, na sake miƙa su don ƙaramin jirgin da zai kai ni Greensboro. Ina juyawa na ga allon jirage ya fara canja launi ɗaya bayan ɗaya. Dusar ƙanƙara ce ta sauko, irin wadda ko su ƴan garin suka ce sun daɗe ba su ga kamarta ba. Aka soke komai.

Kwana biyu na yi a filin jirgin nan a kan kujerar roba. Na tambayi kuɗin otal, da na ji sai na koma kujerata na ce ai ba karyewa zan yi ba. Gyaɗar Inna Ladi ce karin kumallona, ita ce abincin rana. Rigar sanyina mai kauri tana cikin akwati, saboda wayo irin nawa. Wata dattijuwa mai shara ta ga ina ta waige-waige da dardumar salla, ba ta tambaye ni komai ba, ta yafito ni ta kai ni wani lungu bayan ɗakin kayan aikinsu, ta goge wurin da tsumma, ta tsaya daga nesa tana tsare min jaka. Washegari ta zo min da bargo da kofin shayi. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a.

A rana ta uku suka cusa mu a wani jirgi zuwa Pittsburgh, daga can Charlotte, daga can Greensboro. Na tsaya gaban bel ɗin kaya, akwatina na tufafi ya fito, na yi hamdala. Na ci gaba da tsayuwa. Mutane suka watse, bel ya yi ta zagaye babu komai a kai, can ya tsaya.

Wani saurayi a ofishin kaya ya ba ni takarda, ya ce in kwantar da hankalina, gobe ko jibi zai iso. Jibi ta zo ta wuce, mako ya cika, na biyu ya shiga. Kullum na kira sai a ce ana dubawa.

High Point Road

Ranar Juma'a bayan masallaci na tsaya a kantin Alhaji Isuhu na faɗa musu gaskiya. Na shirya a zage ni. Wallahi da zagin aka yi da na fi jin daɗi.

"Haba Sabi'u, don wannan ka rame?" in ji Alhaji Isuhu. "Ni na yafe."

"Ni ma na yafe."

"Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Kai dai da ka dawo lafiya."

Kowa ya yafe, aka zuba min shayi, aka koma hirar ƙwallo.

Zuwa Pleasant Garden shi ne aiki. Na yi ta zagaye unguwar a mota kafin na iya tsayawa. Mama ta saurare ni har na gama, ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Allah bai nufa ba." Har ta tambaye ni lafiyar Inna Ladi. Amma ranar ba ta ce in ƙara tuwo ba. Da matar Likita ta rako ni mota ta ce, "Ni kam ban gane wa Mama ba. Kana tashi ta ce za ta ninke kayanta, a fara tambaya mata kuɗin jirgi. Ko mun yi mata wani laifi ne?" Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi.

Likita ne da kansa, bai san komai ba, ya buɗe min hanya. Mun haɗu a masallaci ya ce, "Wai da me ka sayi tikitin nan?" Na nuna masa katin. Ya ce, "Ikon Allah! Kana riƙe da wannan kana yawo kana ramewa? Akwai inshorar tafiya a cikinsa, kyauta, muddin da shi ka biya tikiti. Ba su ba ka wani littafi ba?"

Na zazzage durowar kicin a ƙasa. Ga shi nan, ya sha man gyaɗa a gefe ɗaya. Na sa tabarau na karanta, kaina na juyawa: in jirgi ya makara, in kaya sun ɓata, in ciwo ya kama ka a hanya, ga lambar da za ka kira, ko sisi ba za ka biya ba.

Na kira lambar, wadda ta ɗauka ta ce sunanta Loretta. Muryar mutanen kudu gare ta, a hankali take magana kamar ba ta da wani aiki sai ni. Da na ba ta labarin kwana biyu a kan kujerar roba sai ta ce, "Wayyo, bawan Allah! Ai da otal ka tafi, mu za mu biya, har abincinka." Na tuna gyaɗar nan da sanyin nan, na ce a raina, Sabi'u, da digiri biyu!

Ta yi min bayani dalla-dalla. Abu biyu suke yi: suna biyan kuɗin kayan da suka ɓata, kuma suna da masu bin sawun akwati a wajen kamfanin jirgi. Ta ce tunda har yanzu shiru, alama ce takardar da aka liƙa wa akwatin ta cire. Irin waɗannan ana tara su a wani babban sito, a buɗe su, a rubuta abin da ke ciki, a gwada da abin da masu nema suka faɗa. Wanda ba a gane mai shi ba, bayan wani lokaci sai a yi gwanjonsa.

Gwanjo! Nan take na hango likkafanin Mama a tagar wani an yi labule da shi.

"To yanzu faɗa min abin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya," in ji ta.

"Ban sani ba."

Ta ce, "Ba akwatinka ba ne?"

"Nawa ne. Kayan ne ba nawa ba. Saƙonni ne, a ɗinke suke."

"Ka haye teku da akwati guda ba ka san abin da ke ciki ba?"

"A wajenmu ba a buɗe saƙon mutum."

Ta yi wata ƴar dariya, ta ce, "To ka je ka tambayi masu shi. In babu jerin kayan nan, babu abin da zan iya yi maka, akwati ruwan ƙasa a siton nan sun fi a ƙirga."

Na koma majalisa da takarda da biro, ina ganin abu mai sauƙi ne. Ina! Na fara da Alhaji Isuhu, na ce masu inshora ke son jerin kaya, ya ɗaga hannu.

"Asurans kuma? Ni da na ce na yafe, sai in dawo ina lissafa maka abin da na yafe? Ai ya zama na bi ka bashi. A'a, ban yi wannan ba."

Na juya kan Malam Haruna mai tasi, ya ce, "Wani ɗan tarkace ne, bai kai a rubuta ba." Na gaba ya ce shi kunya yake ji. Wani ma fushi ya yi, wai na ɗauke shi mai ƙwaƙƙwafi. Mutum goma sha uku, takardata fara fat. A nan raina ya ɓaci, na manta da akwai manya a wurin.

"Don girman Allah ku daina yafe min! Ni ba yafiya nake nema ba, akwati nake nema! Yafiyar nan taku ita za ta sa a yi gwanjon kayan mutane!"

Sai aka ɗaga labulen bayan kanti, Hajiya Ramatu matar Alhaji ta fito tana goge hannu. Ta fizge takardar daga hannuna.

"Kai ma da neman wahala. Su wa suka ce maka su suka san abin da ke ciki? Mu muka yi aiken, su sunansu kawai aka rubuta. Wa ya yafe min turaren wutata ban sani ba? Ba ni kwana biyu."

Kwana ɗaya ta yi. Ta bi matan nan a waya gida-gida, ta dawo min da shafi uku: atamfa kala kaza, turaren wuta kwalba huɗu, kuka, daddawa, lalle, kwalli, huluna, takalman fata na yara, kaset na wa'azi, muciya har biyu. A ƙasan shafi na uku na ga an rubuta baƙin rinin gashi, kwali shida. Na ɗaga kai na dubi gemun Alhaji Isuhu, baƙi wuluk, mutumin da ya girmi babana. Ya kawar da kai yana gyara gwangwanayen tumatir. Na ce, "Alhaji, ai da ka faɗa min, sana'ata ce." Har yau bai yafe min wannan ba.

Na aika wa Loretta ta faks. Abu ɗaya ne ban rubuta ba.

Bayan mako guda ta kira ni a wurin aiki. Ta ce mutanen sito sun ce akwatunan da ke da atamfa da kayan miya suna da yawa, kuma ƙullin da ke a ɗinke ba sa farke su, sai dai su rubuta tufafi. Ta ce amma ga albishir, an amince a biya ni. Za ta aiko da takarda, in sa hannu, a rufe fayil, a aiko da cek.

"In na sa hannu za a ci gaba da nema?"

"Gaskiya, a'a."

"To ba zan sa ba."

"Malam Sabi'u," haka na koya mata ta kira ni, "shekaruna da yawa a kan wannan teburin. Mutane cek suke so. Me ke cikin akwatin nan da ba ka rubuta ba?"

Na ce ta ba ni minti goma. Na kira Pleasant Garden, na san Likita na asibiti. Mama ta saurara ta ce, "Matar nan ta san Likita?" Na ce ko garin nan ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce, "To faɗa mata. Ka ce ba a ɗinke yake ba, ɗauri ne. Koren zane, farin yadi ƙalle biyar, da ƴar kwalbar turare, da takarda da rubutun Malam."

Na sake kiran Loretta na faɗa mata, da abin da ake yi da shi, da wanda ya saya, da abin da zai faru in ba a same shi ba. Da ta amsa, muryarta ta canja.

"Kakata a Alabama tana da farar riga da farin safa a cikin akwatin katako. Shekara ashirin tana fito da su tana shanyawa tana mayarwa. Ranar da gidanmu ya kama wuta, shi ta fara jawowa waje kafin kuɗinta." Ta ja hanci. "Kada ka sa hannu a komai. Bar ni da su."

Abin da ta yi, daga baya na ji. Kowace safiya kafin ta taɓa wani fayil sai ta kira siton nan. Ta san sunan mai gadi, ta san sunan shugabansu, ta dame su har suka sa mutum guda ya bi akwatuna ruwan ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana neman koren zane. Ni kuma kullum da rana sai ta kira ta ce, "Ba yau ba, amma ban gaji ba." A Pleasant Garden kuwa an riga an tsayar da ranar tafiyar Mama, jikokin suna ta kuka, Likita ya rasa laifin da ya yi.

Rana ta tara ina tsaye gaban tukunyar gwajin shuɗi aka ce ana kira na. Ban ko gaishe ta ba ta ce, "Koren zane, farin yadi biyar, kwalba ƙarama, da takarda da rubutu daga dama zuwa hagu. Yana Atlanta. Gobe yana ƙofarka." Na yi wata kabbara da sai da Turawan ɗakin suka zubar da abin da ke hannunsu. Na rungume shugabana, mutumin da ko hannu ba mu cika yi ba, na shafa masa shuɗi a riga.

Pleasant Garden kuma

Ranar Asabar da hantsi mota ta kawo shi, ya sha duka, gefe ɗaya ya lotse, amma a rufe. Na sauke sauran saƙonnin a kantin Alhaji Isuhu. Masu yafiya kuwa sai ga su har da gudu, kowa na laluben sunansa. Ban tsaya ba, na ɗauki ƙullin na sa a kujerar gaba, na ɗaura masa bel.

Na yi niyyar in miƙa mata a ɓoye, na sa shi cikin ledar kanti. Amma ina shiga falo ta dubi ledar, ta dubi fuskata, ta miƙe tsaye kamar yarinya. Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Pleasant Garden! Jikoki suka fito da gudu, Likita ya fito daga ɗaki da jarida a hannu. Ta manta da wani sirri. Ta zauna a kan kafet ta kwance ɗaurin, ta ƙirga ƙallayen, ta kai hanci ta shaƙa, ta buɗe takardar Malam ta shafa ta, tana dariya hawaye na zuba.

Likita ya gane abin da yake gani. Jaridar ta faɗi. "Mama, mene ne haka? Wani abu ke damun ki ba ki faɗa min ba?"

"Ka ji shi ko? Na faɗa maka," ta ce da ni. Ta juya gare shi. "Lafiyata ƙalau, na fi ka ma. Zauna."

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, babban likita, ya sa fuska a tafin hannu. Ta dafa kansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Da ba ni da shi ne nake tunanin mutuwa kullum. Yanzu kuma me zan tuna?"

Ta ce lallai sai an kira mata matar nan. Na ce Asabar ce, ta ce in gwada. Aka yi sa'a tana aiki. Mama ta riƙe kan wayar da hannu biyu ta shiga zuba addu'a, ni ina ɗaya wayar ta kicin ina fassarawa ina haɗa gumi: Allah ya raya miki zuri'a, Allah ya sa ki gama da iyayenki lafiya, Allah ya suturta ki ranar da kike bukatar sutura. Loretta ba ta jira fassarar ba ma, duk inda Mama ta numfasa sai ta ce amin.

Mama ta naɗe ƙullinta, ta sa babbar jikarta ta hau kujera ta ɗora shi a saman kwaba. Ta ce a zuba min tuwo, a ƙara, kuma tana kallo. Ina cikin ci ta tafi tagar kicin ta tsaya, ta daɗe tana duban filin bayan gida, inda ciyawa ta fara kore.

"Likita, wannan filin duk na wane ne?"

"Namu ne, Mama."

"Har bakin itatuwan can?"

"Har can."

"Kuka bar shi haka, ciyawa kawai kuke aske masa? Allah ya shirye ku. A fasa tikitin nan. Kai kuma Sabi'u, ka tambayi Isuhu ko yana da irin kuɓewa, a samo min fartanya."

Damina goma sha ɗaya muka ci kuɓewar gonar nan.